Taliyar Italiya a Kaskon Indiya

Wajen ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da yara ke dawowa daga makaranta a birane irin su Delhi da Pune da Indore, akwai wani girki da ya zama ruwan dare a gidajen masu matsakaicin hali. Uwargida za ta ɗora kaskonsu mai zurfi da suke kira kadhai, ta zuba mai kamar cokali biyu. Da ya yi zafi sai ta watsa 'ya'yan jeera, wani kayan ƙamshi, su hau ƙara suna tsalle, ƙamshinsu ya cika kicin kafin a ƙirga goma. Sai albasa, sai dakakkiyar citta da tafarnuwa, sai ɗanyen barkono kore, sai tumatir. Ta zuba kurkum da garin jan barkono da gishiri, ta yi ta juyawa har ruwan tumatir ya ƙone, mai ya taso ta gefe. Daga nan karas da koren tattasai da fis da masara su shiga, wata har da kabeji. Sai can ƙarshe za ta juye taliyar da ta riga ta dafa ta tsane, ta barbaɗa garam masala, ta tsiyaya miyar tumatir ta kwalba, ta goga cuku a sama. Abincin nan shi ne masala pasta.

Da za a zaunar da wata tsohuwa 'yar Napoli tana kallo, ba za a kai rabin girkin ba sai ta fara tafa hannu. Mutane da yawa za su zaci yajin ne ya dame ta, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Italiya ma tana cin barkono. A Rum akwai taliyar arrabbiata, wadda tumatir da tafarnuwa da busasshen barkono ne kaɗai a cikinta, kuma mutanen Kalabiriya da ke kudu ba sa wasa da yaji ko kaɗan. Abin da zai tayar wa tsohuwar da hankali shi ne an sauya wa taliya matsayi. A wurinta taliya ce mai gida, miya baƙuwa ce da ke zuwa ta ɗan shafe ta. A kaskon Indiya kuwa masala, wato haɗin kayan yaji, ne mai gida, taliya ta zo ne ta ɗauke shi zuwa baki, aikin da shinkafa da gurasar roti suka saba yi tun kaka da kakanni. Kusan duk wani bambanci da ke tsakanin girkin biyu daga nan ya taso.

'Yan Italiya sun ɗauki taliya da muhimmancin da har doka suka yi mata. Tun 1967 dokar ƙasar ta ce busasshiyar taliyar da za a yi a sayar a cikin gida sai dai da garin alkama mai tauri, wadda ake kira durum. Kowane mutum guda a can yana cin kimanin kilo 23 a shekara, babu ƙasar da ta kamo su. Ƙa'idar dahuwarsu kuma sananniya ce: litar ruwa ɗaya da giram 10 na gishiri ga kowane giram 100 na taliya, a sauke ta tana da sauran ƙarfi a tsakiya yadda haƙori zai ji ta, wato al dente. Ba a ɗauraye ta. A kwashe ta kai tsaye zuwa cikin kaskon miya, a ƙara ludayi guda na ruwan da ta dahu a ciki, a yi ta kaɗawa har sitacin ruwan ya haɗu da mai ya zama wani kauri mai sheƙi da ke manne wa kowane sili. Kayan miyar ba su cika wuce huɗu ko biyar ba. Kuma ba ita ce abincin duka ba, kwano na farko ce, nama ko kifi da ganye suna biyo baya a kwanonsu daban.

Ba daga hannun Italiyawa Indiyawa suka koyi taliya ba. Kafin kwalin penne ko fusilli na farko ya shiga kantin unguwa, ƙasar ta daɗe da nata dangin taliya, kuma kowanne ya bar wa hannun mai girki wata ɗabi'a. Akwai seviyan, siririyar taliyar da ake fara soyawa a man shanu har ta yi ja. Musulmin Indiya da Pakistan suna dafa ta da madara da dabino da 'ya'yan itatuwa da safiyar ƙaramar Sallah, shi ne sheer khurma. A kudu kuma ana yin semiya upma da ita don karin kumallo, da ƙwayar mastad da ganyen kori da albasa, a zuba ruwa daidai gwargwado ta shanye. A Kerala da Tamil Nadu akwai idiyappam na garin shinkafa da ake matsewa a turara. A Gujarat akwai dal dhokli, yankakken kwaɓin alkama da ake jefawa cikin romon wake yana tafasa. Duk waɗannan laushi ake nema a cikinsu. Wanda aka ba shi su da sauran tauri cewa zai yi ba su dahu ba.

Wannan ce ƙofa ta farko da taliya ta biyo ta shiga gidajensu. Ƙofa ta biyu Sinawan Kolkata ne, waɗanda suka fara zama a birnin tun ƙarshen ƙarni na 18, daga baya 'yan ƙabilar Hakka suka kafa majemu da gidajen abinci a unguwar Tangra. Daga gare su soyayyiyar taliyar chowmein ta bazu har ta zama abincin bakin titi a ko'ina cikin ƙasar, da kabeji da karas da koren tattasai a kan wuta mai ƙarfi. Duk wanda ya dubi kayan lambun da ke cikin masala pasta zai gane daga inda aka aro su.

Ƙofa ta uku ta fi kowacce faɗi. A 1983 kamfanin Nestlé ya shigo da Maggi kasuwar Indiya. A wajenmu in an ce Maggi dunƙule ake nufi, a Indiya kuwa taliyar leda ce mai saurin dahuwa, wadda ta samu irin gurbin da Indomie ta samu a teburin mai shayi. An tallata ta a matsayin abin da uwa za ta dafa wa yaro cikin minti biyu idan ya dawo da yunwa, aka kuma haɗa ta da ƙunshin garin masala. Ƙarni guda na yaran birni ya tashi da sanin cewa taliya abin taɓa-ka-lashe ce ta la'asar, mai laushi, mai ɗan romo, mai ƙamshin kurkum da jeera. Da hukumar kula da abinci ta ƙasar ta hana sayar da ita a watan Yunin 2015 bisa zargin yawan dalma, har kotu ta soke hanin ta dawo kasuwa a watan Nuwamba, an ga yadda mutane suka yi ta kewarta kamar wani nasu ya yi tafiya. To cikin wannan gurbin na Maggi taliyar Italiya ta faɗo. Shi ya sa har gobe a yawancin gidaje ba ta zama abincin dare na iyali ba. Ta tsaya a kwanon makarantar yara, da bikin ranar haihuwa, da ranar Lahadi in an gaji da shinkafa da romon wake.

Ita kanta Italiyar da ta iso daga baya, ta Amurka ta biyo. Bayan gwamnatin Narasimha Rao da ministan kuɗinsa Manmohan Singh sun buɗe kasuwar ƙasar a 1991, Domino's da Pizza Hut suka buɗe shagunansu na farko a 1996. Kowane kwalin fiza yana zuwa da 'yan ƙananan ƙunshi biyu, ɗaya na busasshen ganyen oregano da aka gauraya, ɗaya na ɓarzajjen barkono. Gidaje suna tara su a aljihun firji ko cikin wata kwalba, kuma su ne suka zama ɗanɗanon Italiya a bakin Ba'indiye. Abinci in dai ya samu oregano da ɓarzajjen barkono da cuku mai naɗewa, ya zama na Italiya ke nan, ko da kuwa gurasa ce ko masara. A Italiyar gaskiya oregano ba ya shiga yawancin miyar taliya. Masu koyar da girki su ma sun taka tasu rawar. Tarla Dalal, wadda littafinta na farko ya fito a 1974, ta shafe rayuwarta tana mayar da abincin ƙasashen waje ya zama marar nama don matan gida, Sanjeev Kapoor kuma ya shigo falon mutane ta shirinsa na talabijin Khana Khazana tun 1993. Akwai irin su Ritu Dalmia, da ta buɗe gidan abincin Diva a Delhi a 2000 ta dage kan girkin Italiya na ainihi, amma masu cin abincinta ba su ne ke cika kwanon makaranta da asuba ba.

Daga nan sai batun abin da aka halatta da abin da aka haramta, wanda a Indiya ba ƙaramin al'amari ba ne. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 39 cikin 100 na manyan ƙasar suna cewa su ba sa cin nama sam, kuma kusan takwas cikin goma suna da wani irin takunkumi a kan nama. Hindu ba ya cin saniya, Musulmi ba ya cin alade. Da wannan kaɗai shahararrun miyoyin Italiya biyu sun faɗi. Ragù na birnin Bolonya naman sa ne da na alade da giya, carbonara kuma kumatun alade ne da ƙwai. Ƙwai ma a lissafin Indiya ɓangaren nama yake, don haka ɗanyar taliyar arewacin Italiya da ake kwaɓawa da ƙwai ba za ta samu koren tambarin nan da doka ta sa a buga a kan ledar abincin da babu nama a ciki ba. Har cukun Parmigiano, wanda ɗan Italiya ba ya jin ya ci taliya in babu shi, da sinadarin tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsa. Mai kiyaye addininsa sosai ba zai taɓa shi ba, ko da yana da kuɗin saye, kuma tsadarsa ba ta wasa ba ce.

Abin da aka musanya da su, wani ya yi kyau, wani sai haƙuri. Keema, niƙaƙƙen naman akuya ko rago da aka soya da albasa da kirfa da kanumfari aka bar shi ya daɗe a wuta, ya zauna a kan taliya kamar don ita aka yi shi. A ganina babu wani haɗi da ya kai wannan dacewa, domin shi da ragù aikinsu ɗaya ne, nama ya narke a hankali cikin tumatir. Paneer kuwa, cukun gida na Indiya, da yake da tsami ake tsinka madararsa, ba ya narkewa a wuta, sai dai a yanka shi gutsi-gutsi ya maye gurbin nama. Gurbin Parmigiano cukun gwangwani na Amul ne ya cike shi, wato ƙungiyar makiyayan da aka kafa a garin Anand na Gujarat a 1946. Yana da gishiri, yana narkewa, amma ba shi da zurfin ɗanɗanon cukun da ya shekara a ajiye. Wannan giɓin ne mai girki ke ƙoƙarin cikewa da soyayyiyar albasa da garam masala da miyar kwalba.

Mabiya addinin Jain sun fi kowa shan aiki. Ba sa cin duk abin da ake tonowa daga ƙasa, ba albasa, ba tafarnuwa, ba karas, ba dankali. Miyar taliya ba tafarnuwa ba albasa, me ya rage? Sai su koma ga hing, wani ƙaro mai ƙarfin wari da ake kawowa galibi daga Afganistan da Iran, wanda ɗan mitsitsinsa a cikin mai mai zafi ke ba da ƙamshi mai kama da na albasa da tafarnuwa. Abin sha'awa, mutanen Rum na zamanin da sun yi girki da wannan ƙaron sosai, jikokinsu ne suka manta da shi.

A shagunan unguwa da wurin masu amalanke, ba a tambayar mutum sunan taliyar da yake so. Launi ake tambaya: fara, ja, ko ruwan hoda. Jar tumatir ce. Farar man shanu ne da fulawa da madara, miyar da masu dafa wa Turawan mulkin mallaka abinci suka iya. Ta ukun gaurayen biyun ce, kuma ita yara suka fi so. Tana da dalilinta: tumatirin gida na Indiya ya fi na kudancin Italiya tsami da ruwa, madara ko kirim ko niƙaƙƙiyar yazawa na kashe tsamin. Daga nan taku ɗaya ne zuwa miyar makhani, wadda gidan abincin Moti Mahal na Delhi ya shahara da ita bayan rabuwar ƙasar a 1947, tumatir da man shanu da kirim da busasshen ganyen hulba. An zuba ta a kan penne ta zauna daram. Ganyen hulbar nan, da ake murzawa a tafin hannu a watsa daf da saukewa, ya fi oregano na cikin ƙunshi dacewa da tumatir da kirim nesa ba kusa ba.

Inda nake ganin an ɓata rawa da tsalle shi ne wurin mayonis. Da yake kamfanoni sun ƙirƙiro marar ƙwai mai araha, ya zama abin da ake kwarara wa komai. Farar miya, a ƙara mayonis, a ƙara cuku, a bi da miyar kwalba mai sukari. Wannan ba girkin Italiya ba ne, ba kuma na Indiya ba ne, girkin masana'anta ne, kuma in an ci cokali uku sai ya gundure. Tushen matsalar wata ɗabi'a ce da aka gado daga chowmein. Yawancin masu girki suna zuba mai a ruwan dahuwa, sannan su ɗauraye taliyar da ruwan sanyi don ta yi wara-wara. A chowmein daidai ne, tunda soya ta za a yi. A nan kuwa an wanke sitacin da zai riƙe miya, an kuma shafe ta da mai, sai miyar ta zame ta taru a gindin kwano. Mai girki ta ga haka sai ta nemi abin da zai yi kauri ya manne, ta ɗauko fulawa da kirim da mayonis. Da an bar taliyar ba ɗauraya, an ajiye kofi guda na ruwanta, da rabin kayan nan ba a buƙace su ba.

Batun laushi kuma yana da fuska biyu. Taliyar da aka zuba a kwano da ƙarfe bakwai na safe, yaro zai ci ta da sanyinta wajen tsakar rana. In an sauke ta da sauran ƙarfi aka shafa mata 'yar miya kaɗan irin ta Italiya, kafin lokacin ta bushe ta ƙandare. Uwar da ta ƙara mata minti biyu a wuta ta kuma yalwata miya ta san abin da take yi. Amma tukunyar matsin tururi, wadda kamfanonin Hawkins da Prestige suka shigar kusan kowane gida tun daga ƙarshen shekarun 1950, ba ta yi wa taliya adalci ba. A Indiya da kukan usur ɗin tukunyar ake auna dahuwa, a ce wake usur huɗu, shinkafa usur biyu. Taliya kuwa tsakanin dahuwarta da caɓewarta minti ɗaya ne zuwa biyu, kuma tukunyar da ke kulle ba a buɗe ta a ɗanɗana. Dafa taliya cikin miyarta ba laifi ba ne, mu ma dafa-dukarmu haka take, mutanen Napoli ma haka suke dafa ta da dankali ko da wake. Kulle murfin ne matsalar.

Masu cewa an ci mutuncin al'adar Italiya, tarihi bai goyi bayansu sosai ba. A 1154 masanin ƙasa Al-Idrisi ya rubuta cewa a garin Trabia na tsibirin Sisili ana yin busasshiyar taliya ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista, a tsibirin da bai daɗe da fita daga mulkin Larabawa ba. Babban mai girkin ƙarni na 15, Martino na Como, ya ce a tafasa wata irin makaroni har awa biyu. Bartolomeo Scappi, mai dafa wa Fafaroma abinci, a littafinsa na 1570 cuku da sukari da kirfa yake barbaɗa mata, abin da ya fi kusa da seviyan ta Sallah fiye da abin da ake ci a Rum yau. Tumatir daga nahiyar Amurka ya zo, kuma a ƙarshen shekarun 1830 aka ga Ippolito Cavalcanti na Napoli ya rubuta haɗa shi da taliya. Carbonara ba a san ta a rubuce ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Indiya ma haka. Barkonon da ake ganin kamar da shi aka halicce ta, Turawan Fotugal ne suka kawo shi bayan sun kama Goa a 1510, tare da yazawa. Kafin nan zafin abincinta daga baƙin masoro yake, wanda jiragen Rum ke zuwa gaɓar Malabar su saya tun shekaru dubu biyu da suka wuce. A watan Disambar 2025 hukumar UNESCO ta sa girkin Italiya cikin jerin al'adun duniya da ake karewa, kuma a birnin Delhi aka yi zaman da aka yanke shawarar.

Wannan ba ya nufin duk abin da aka jefa a kasko ya yi. Garam masala da oregano da miyar waken soya ta Sinawa da mayonis a kwano guda hayaniya ce kawai, kowanne na danne ɗan'uwansa. Haɗin da ya fi tsafta shi ne wanda ya tsaya kan dabara ɗaya. Taliyar aglio e olio tafarnuwa ce da barkono a cikin man zaitun mai ɗumi, wato abin da Ba'indiya ke yi kullum da sunan tadka, sakin ƙamshin kayan yaji a cikin mai. Mai girki a Chennai da ta fasa ƙwayar mastad a mai, ta jefa ganyen kori da busasshen barkono da tafarnuwa, ta juye sufageti da ludayin ruwansa, ta matsa lemun tsami, ta fi kusa da tunanin ɗan Italiya fiye da mai farar miya da ke ganin shi ne ya bi asali.

Sabuwar muhawarar da ke gudana a gidajen yanzu ta bar kan miya ta koma kan gari. Iyaye mata a Indiya suna zargin maida, wato farar fulawa, da kawo ƙiba da cushewar ciki, shi ya sa kamfanoni ke rubuta wa ledarsu da manyan baƙaƙe cewa da suji aka yi. Suji ɗin nan tsakin alkama ne da suka daɗe suna yin halwa da upma da shi, kuma ƙasar tana noma durum nata a yankin Malwa na jihar Madhya Pradesh da wasu sassan Gujarat da Karnataka. Bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa bisa shawarar Indiya, sai kantuna suka cika da taliyar jowar da bajra da ragi, wato dawa da gero da tamba. Matsalarsu ɗaya ce: ba su da danƙon da alkama ke da shi, don haka in aka jefa su cikin ruwa mai yawa yana tafasa irin na Italiya sai su kakkarye su dame. Wasu kamfanonin suna gauraya su da durum don su riƙe jikinsu. Matan Tamil Nadu kuwa, da suka daɗe da sanin siririyar taliyar tamba, ba sa tafasa ta sam. Suna jiƙa ta a ruwa mai ɗan gishiri kamar minti uku, su tsane, su shimfiɗa ta a tukunyar turara abinci ta yi kamar minti biyar, su bar ta ta sha iska, sannan su juye ta cikin soyayyen mastad da albasa da ganyen kori.